Bokaye Masu Kwat

Ranar da na bar Illela, a watan Mayu na 2014, zafi ya kai inda kaji ke laɓewa ƙarƙashin rumbu baki buɗe, ko tonon ƙasa ba su iyawa. Bazarar Adar ke nan, wanda ya sha ta ya san ta. Na bi ta Badagishiri na kwana a Ƙonni, da asuba mota ta kwashe mu ta Dogon Dutsi da Doso har Yamai. Bayan kwana biyu ga ni tsaye a Burusel, babban birnin Beljiyam, cikin rigar sanyin mijin yayata wadda hannunta ya fi nawa tsawo, haƙorana na kaɗawa, mutanen gari kuwa sai murna suke wai sanyi ya wuce.

Taron malaman makaranta ne ya kai ni, na mako guda, kuma ba labarinsa zan bayar ba. An yi jawabai, an sha kofi, an raba takardu. Abin da ya zauna mini a rai ya faru ne bayan an watse, cikin kwana huɗun da na ƙara a gidan yayata, wadda aure ya kai can tun ina ɗan kwaleji. Tana da ɗiya, haihuwar can, a lokacin tana jami'a. Hausarta na ɗan ɗingishi, amma tana isa inda za ta. Ta ji uwarta na faɗin ni malamin tarihi ne, kuma ni ke shirya wa yara wasan kwaikwayo duk ƙarshen shekara, sai ta ce, "Kawu, gobe kar ka yi wa kowa alkawari. Yinin nawa ne, da dare kuma in kai ka ofera."

Na ce to, don ba a ƙin tayin ɗiya, amma raina bai kwanta ba. Iyakar sanina da ofera abin da na taɓa gani a talabijin ne: wani ƙaton Bature ya wangale baki yana kururuwa kamar an taka masa gyambo, jama'a cikin baƙaƙen kaya sun yi jugum kamar zaman makoki. Na ce a raina kuɗin yarinya zai tafi a banza, ni kuma in kwana ina kokawa da gyangyaɗi.

Da hantsi muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa muka fito a Porte de Namur, bakin unguwar da ake kira Matonge. Sunan wata unguwa ce ta Kinshasa aka ɗauko, don nan ne matattarar 'yan Kwango. Shagunan kitso, bandar kifi, manja, atamfa a rataye, kiɗa na tashi daga kowace ƙofa. A wani shago na ga kuɓewa ɗanya shar, an jera ta cikin kwali kamar ƙwai. Na tambayi kuɗinta, na buga lissafi da sefa, tunda kuɗinsu guda ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, sai na mayar da ita wurin zamanta a hankali, kar ta ji ciwo.

Tafiya kaɗan daga nan, kusa da fadar sarki, ga mutum-mutumin Leopold na Biyu bisa doki, gemu har ƙirji. Na sha koyar da shi a aji, ban taɓa zaton zan tsaya a gabansa ba. Daga 1885 zuwa 1908 ƙasar Kwango gandunsa ce shi kaɗai, ba ta Beljiyam ba, ƙasar da ta ninka tasa fiye da sau saba'in, kuma har ya mutu bai taɓa taka ta ba. Roba da hauren giwa yake so. Ƙauyen da bai cika ma'aunin robar da aka ɗora masa ba, a kame matansa, a ƙone shi, a yanke hannuwa. Ɗiyata ta nuna mini cewa hatta ƙarfen da aka ƙera dokin da mahayinsa daga Kwango aka haƙo shi. Ta ce, "Ka riƙe fuskarsa, Kawu, yau ba mu rabu da shi ba."

Bayan azahar muka gangara cikin gari. Ta tsayar da ni gaban wani gini mai ginshiƙai, La Monnaie, babban gidan oferar ƙasar, ta ce a nan aka haifi Beljiyam. Na ɗauka salon magana ne, ashe tarihi ne tsagwaronsa. A daren 25 ga Agusta 1830, lokacin ƙasar na ƙarƙashin sarkin Holan, ana nuna wata ofera ta Daniel Auber mai suna La Muette de Portici, labarin masunta na birnin Naples da suka yi wa masu mulkinsu Sifaniyawa bore a 1647. Labarin wata ƙasa, na wani zamani. Amma da aka zo waƙar kishin ƙasa, sai 'yan kallo suka ji kamar da su ake. Suka fito titi, gari ya ɗauka, kafin ƙarshen Satumba an kori sojan Holan daga Burusel, ranar 4 ga Oktoba aka yi shelar 'yanci. Na daɗe ina kallon matakalar ginin. Mu da muke ɗaukar wasan kwaikwayo abin cika shiri ne kafin a raba kyaututtuka, ga inda ya tashi da ƙasa sukutum.

Ba nan za mu shiga ba. Namu gidan yana gaba kaɗan, a titin Laeken, ana kiransa KVS, gidan wasan masu harshen Filaman. Ƙasar ai harshe biyu ke jan zarenta, Faransanci da Filaman, har sunan kowane titi a Burusel sau biyu ake rubuta shi, kuma bikin da ya kawo wasan, Kunstenfestivaldesarts, rabin sunansa daga wannan harshe, rabi daga wancan, don kar wani ya ce an bar shi a baya. Tun 1994 ake yinsa, a watan Mayu. Ginin tsoho ne, da barandun ƙarfe hawa-hawa a gefensa, kowace ta ƙasa ta fi ta samanta faɗi. Na ɗauka ado ne. Ashe maginin, Jean Baes, gobara ya tuna: in wuta ta tashi, jama'a su fito waje su sauka ta nan. Wanda ya buɗe gidan kuwa, a 1887, shi ne mai gemun nan da muka baro bisa doki. Ɗiyata ta dube ni ta gefen ido ta ga ko na gane. Na gane.

Ƙarfe takwas ta gota, rana na nan kamar la'asar sakaliya, don a watan nan magariba ba ta faɗuwa sai bayan tara. Muka shiga. Abin da ya fara burge ni shirun ne. Mutum ɗaruruwa, tsofaffi da 'yan jami'a, farare da baƙaƙe, ana rage fitila kowa ya kashe wayarsa, ba mai tallan gyaɗa, ba mai ƙwala wa abokinsa kira daga wancan layi. Ni da na saba shirya wasa a filin makaranta, inda rabin aikina tsawa ce da korar awaki, sai da na ji kishi.

Ga wanda bai sani ba, ofera wasan kwaikwayo ne da ba a magana a ciki, komai rerawa ake, ko gaisuwa ko zagi, makaɗa na bi. A Italiya aka ƙage ta wajen shekara ta 1600. In kana son misali na kusa, ka ɗauki makaɗin fada da 'yan amshinsa, sai dai maimakon ya ba ka labarin sarki da abokin gabansa, shi ne zai zama sarkin, wani ya zama abokin gaban, 'yan amshi su zama talakawan gari. Ta daren nan sunanta Makbet. Asalinta wasan Shekisfiya ne na wajen 1606, Giuseppe Verdi ya mayar da shi ofera, aka fara nuna ta a birnin Florence a watan Maris na 1847.

Labarin kowane Bahaushe zai gane shi. Makbet barde ne na sarkin Sikotilan, ya dawo daga yaƙi da nasara tare da amininsa Banko. A hanya suka gamu da bokaye, suka ce wa Makbet zai yi sarauta, suka ce wa Banko shi ba zai yi ba amma zuriyarsa za ta yi. Makbet ya aika wa matarsa labari. Ita kuwa ba ta da haƙurin jiran ƙaddara. Sarki ya zo gidansu baƙunta, ta zuga mijin ya yanka shi cikin dare, baƙonsa, ubangidansa, a kan shimfiɗar da suka yi masa. Daga nan jini ya riƙa kiran jini: aka kashe Banko, aka kashe mata da yara, fatalwar Banko ta zo ta zauna wurin walima, matar ta zare, tana yawo cikin barci tana wanke hannu daga jinin da ita kaɗai ke gani. Bokaye sun ba Makbet tabbaci cewa ba ɗan da mace ta haifa da zai iya da shi, kuma ba zai faɗi ba sai daji ya taso ya yi tafiya. Ya sakankance. Dajin kuwa ya taso.

Wanda ya shirya ta daren nan, Brett Bailey, ɗan Afirka ta Kudu ne, da ƙungiyarsa Third World Bunfight ta birnin Kef. Ya ciro labarin daga Sikotilan ya dasa shi a gabashin Kwango na yau. Dabarar da ya yi ta shigar da shi ita ce ta fara kama ni, don irin tamu ce ta masu tatsuniya: wai wasu 'yan gudun hijira ne a wajen Goma suka tsinci tsohuwar adaka cike da kayan wasa da takardun kiɗa, waɗanda wasu Turawan zamanin mulkin mallaka suka bari, sai suka ce bari mu ba da namu labarin da kayan nan. Ka ga tun ba a fara ba an amsa wa mai tambayar me ya haɗa baƙar fata da waƙar Italiya. Tsintuwa ce, mai tsintuwa kuwa ya ɗinka ta daidai jikinsa.

Mawaƙa goma ne, 'yan Afirka ta Kudu. Makaɗa goma sha biyu, maimakon sittin ko fiye da Verdi ya saba, don wani ɗan Beljiyam, Fabrizio Cassol, ya sake tsara kiɗan ya rage masa ƙiba, ya sa masa ganguna. Su makaɗan ma da nasu labarin: ƙungiyarsu, No Borders Orchestra, ta tara 'ya'yan ƙasashen tsohuwar Yugoslabiya ne, waɗanda iyayensu suka yi wa juna yankan rago a shekarun 1990. Ana rerawa da Italiyanci, fassara na fitowa a allo, kuma fassarar ba ta littafi ba ce, maganar bariki ce, har da ashar. Na saci kallon wata tsohuwa a gefena in ga ko za ta tsuke fuska. Dariya take.

Sai ga bokaye. Ina jiran tsofaffin mata da tsumma da ƙwarya, sai ga maza uku cikin kwat, fuska a rufe, wakilan wani kamfanin haƙar ma'adinai na ƙage mai suna Hexagon. Su ne suka tare madugun 'yan bindiga a hanya suka ce masa, kai ai babban mutum ne, mulki ya dace da kai. Gabana ya faɗi. Ban taɓa tunanin boka ta wannan fuska ba, amma da na gani sai na ga ai haka yake. Boka ba ya riƙe wuƙa. Yana duba abin da ke ranka ya faɗa maka shi da babbar murya, ya karɓi rabonsa, in ka faɗi kuma ya nemi wani ya faɗa masa irin abin da ya faɗa maka. Ƙasar gabashin Kwango na ɗauke da zinariya da kuza da koltan, wanda ake sa wa cikin wayoyin da muka kashe muka sa aljihu kafin a fara wasan. Wata ƙungiyar agaji ta duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 5.4 suka mutu ta dalilin yaƙin ƙasar tsakanin 1998 da 2007, galibi ba da harsashi ba, da yunwa da cuta. 'Yan tawayen M23 sun shiga Goma a Nuwamba 2012, shekara ɗaya da rabi ke nan kafin daren da nake ba ku labari. Ba tsohon zance ake yi ba.

Matar Makbet ce ta tafi da ni. Nobulumko Mngxekeza sunan mai rawar, mace mai jiki, da murya wadda in ta ɗaga ta sai ka ji ta a ƙashin bayanka. Farkon ganinta tana bakin wanki, mace irin wadda za ka wuce a kowace unguwa ba ka waiwaya ba. Wasiƙar da Shekisfiya ya sa mijin ya aiko, a nan saƙon waya ne. Ta karanta, ta tsaya. Na ga lokacin da abin ya shige ta: ba muguntar gado ba ce, gajiya ce da kumfar sabulu da dattin wasu. Wannan matar ta ga ƙofa ta buɗe sau ɗaya a rayuwarta, ta rantse ba za a rufe ta tana waje ba. Can gaba ga ta cikin kayan alfarma, mijin, Owen Metsileng, da wata hula ja mai siffar dunƙulallen hannu, suna rawa irin ta sababbin kuɗi, jama'a na dariya. Ni ma na yi. Amma da aka zo inda take yawo cikin barci tana murza hannu, sai wankin farko ya dawo mini. Wadda ta fitar da dattin kayan gari, ga ɗigo ɗaya ya gagare ta. Ban san lokacin da na ce "Allahu akbar" a fili ba, ɗiyata ta taɓa ni da gwiwar hannu.

Akwai waƙar 'yan gudun hijira, wadda Verdi ya sa a kashi na huɗu, mutanen Sikotilan da suka tsere suna kukan ƙasarsu. Ya rubuta ta ne lokacin da Italiya ke a rarrabe, arewacinta a hannun Ostiriya, kuma masu saurarensa sun san ba Sikotilan kaɗai ake wa kuka ba. Wato siyasar ba Bailey ya cusa ta ba, ya tarar da ita a ciki, ya sauya mata adireshi ne kawai. Da baƙaƙen nan suka rera ta a hankali, hotunan yaƙin Kwango na gaske na fitowa a bayansu, ni Difa na tuna, inda a watannin nan mutanen Borno ke ta ƙetaro Komadugu da tabarmi a ka. Wata guda ke nan da sace 'yan matan Chibok. Ban ji kalma ɗaya ta Italiyanci ba, ban kuma duba allo ba.

Wajen tsakiyar wasan ne wani abu ya faɗo mini, har na daina bin kiɗan na ɗan lokaci. Na ce, ai na san mutumin nan. Ya bi ta yankinmu.

A 1899 Faransa ta turo ayarin soja ƙarƙashin kyaftin biyu, Paul Voulet da Julien Chanoine, su kai ga tafkin Chadi. Tun daga bakin Kwara suke ƙone garuruwa. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A farkon Mayu suka iso Birnin Ƙonni, gari mai ganuwa, suka buɗe masa wuta da igwa, suka kashe jama'a ba adadi, har yau tsofaffi na nuna inda aka tura gawawwaki rami guda. Labarin ɓarnar ya kai Faris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ayarin. Ya bi sawunsu ta kufai da rijiyoyin da aka cika da mutane, ya cim musu a ƙasar Tasawa. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, Voulet ya sa aka harbe shi, na gaba da shi, wanda ya zo da umarnin gwamnatinsa. Sannan ya tara mutanensa ya shaida musu shi ya bar zama Bafaranshe, sarkin baƙar fata ne yanzu, daula zai kafa. Sarautar ba ta kwana uku cikakku ba. Sojojinsa baƙaƙe suka juya, suka harbe Chanoine ranar 16, shi kuma ranar 17. Kabarinsu na Maijirgi.

Barde da aka aika yaƙi, ya ɗanɗani jini, ya kashe ubangidansa, ya naɗa kansa, dajin da ya raina ya taso masa. Shekara nawa ina koyar da wannan a aji da ranaku da sunaye, yara na kwafa suna hamma, ban taɓa ganin wasa ne a shirye ba sai da na zo ƙasar wasu na ji shi da Italiyanci. Har bokayen na gane su: suna zaune a ofisoshin Faris da Landan da taswira da abin ja layi, shekara guda kafin nan sun gama raba ƙasar da ba su taɓa gani ba.

Da aka ƙare, tafi ya ɗauki lokaci mai tsawo, mawaƙan na fita ana maido su. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa, kuma shi na fi yaba wa mutanen garin nan. Jikokin masu cin robar Leopold ne a zaune, cikin gidan da ya buɗe da hannunsa, sun sayi tikiti da kuɗinsu, gidan da bikin kuma da tallafin hukuma suke tafiya, wato harajinsu, don a zo a nuna musu cewa masu kwat ɗin nan 'yan uwansu ne. Ba wanda ya aiko a dakatar, ba wanda ya nemi ganin takardar wasan kafin a hau dandali. Na tuna shekarar da wani babba a wajenmu ya sa aka cire mini fage guda daga wasan yara, don akwai wani mai tumbi a ciki da ke cin kuɗin rijiya, shi kuma yana da tumbi.

Muka fito, dare ya yi a ƙarshe. Na faɗa wa ɗiyata abin da ke raina, sai ta yi mini burki.

"Kawu, kar ka yabe su da yawa. Tafi ba shi da tsada. Gobe da safe mutum-mutumin na nan inda yake, wayoyinsu na aljihu. Kuma ka lura, wanda ya shirya wasan Bature ne, ko da a Afirka aka haife shi. Su suka yi ɓarnar, su ke ba da labarinta, su ke tafa wa kansu."

Na ce, "Ɗiyata, ba ki yi ƙarya ba. Amma wanda ya yarda a faɗa masa laifinsa a tsakar gidansa ya fi wanda ya toshe kunne, ko da bai tuba ba tukuna."

Ta ce tukunan nan ta daɗe. Ban ja ba. Maganarta ma ta fito a fili bayan wata huɗu, da masu zanga-zanga a Landan suka tilasta aka soke wani aikin Bailey ɗin, Exhibit B, inda yake tsayar da baƙaƙe kamar kayan kallo don tuna yadda Turawa suka yi a da. Suka ce tuna cin mutunci da maimaita shi ba su da nisa. Ni dai abin da na gani a Makbet bai yi mini kama da cin mutunci ba. Daga baya kuma abubuwa sun ɗan motsa: a 2018 aka sa wa wani dandali a bakin Matonge sunan Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko, a 2020 sarkinsu Philippe ya bayyana nadama a rubuce, a 2022 aka mayar wa iyalan Lumumba haƙorinsa, abin da ya rage na gawarsa tun kisan 1961. Ba zan ce ofera ta jawo ba. Amma garin da ake irin wannan wasa a cikinsa, kunnensa ya riga ya fara sabawa.

Ba wai mu ba mu da kayan aikin ba ne, wannan ya fi ci mini rai a jirgin dawowa. Damagaram na da wasan kara, inda samari ke shiga rigar sarki da gwamna da shugaban ƙasa, da bindigogi da na'urorin kara, su kwaikwayi manya a gaban manyan. Muna da tashe, muna da 'yan kama da ke sa rawanin malamai su yi wa'azin tuwo. Wanda ya girma zamanin Kunce ya san yadda gari ke yin tsit in an sa wasan su Yazi Dogo, ana dariya ana gane wanda ake nufi. Labarin Sarauniya ma Abdoulaye Mamani ya rubuta shi a 1980, Med Hondo ya yi fim ɗinsa a 1986, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a shekarar da ta biyo, sai dai a Burkina aka ɗauke shi, ba a nan ba. Ko oferar ma an yi ta Sahel, Bintou Wéré, a Bamako a 2007, kan matasa masu ratsa hamada su shiga Turai. Abin da Burusel ta fi mu shi ne gida mai rufi da aka ware wa abin, da kuɗin da ba ya jiran ranar biki, da manya masu iya zama a layin gaba a taɓa su, su tafa.

Na sauka Yamai ana ta zancen sabuwar yarjejeniyar yuraniyom da gwamnati ta sa wa hannu da kamfanin Areva ranar 26 ga Mayu, bayan watanni ana ja-in-ja kan haraji. Tun 1971 ake haƙo shi a Arlit. A motar Ƙonni wani ɗan kasuwar albasa daga Galmi da wani ma'aikacin siminti na Malbaza suka yi ta musu a kai har Dogon Dutsi, ɗaya na cewa an ci riba, ɗaya na cewa an sake sayar da mu. Ni ina jikin taga, masu kwat uku nake gani.

Mako na biyu da komawa na tara 'yan wasana bayan an tashi, ƙarƙashin bedin bakin aji. Na ba su labarin Makbet a taƙaice, na bi da na Voulet, na ce wannan za mu yi bana, da kalangu da gurmi, kowa ya rera nasa. Rigima ta kaure nan take, don kowane yaro Voulet yake so, saboda hula da bindiga. Ba mai son zama mutanen Ƙonni, wai su ba abin da suke sai mutuwa. Bokaye kuwa aka rasa kwat, sai mai gadi ya ce yana da guda ta zamanin aurensa, a nemo biyu.

Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu. "Mushe, to ina matar? Ka ce matar ce ke zuga shi."

Na ce a wannan labarin babu mata, sai abokinsa Chanoine, ɗan janar, wanda ubansa ya taɓa riƙe ministan yaƙi.

Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To ai shi ne uwargidan. Ni zan yi shi."

Sau huɗu muka yi gwaji. Ran na biyar hadari ya haɗo daga gabas, ruwan shuka ya sauka cikin dare, da safe rabin ayarin Voulet na gona.